Dodon da Ya Cinye Waƙar Tanko

A kakar shekarar 1955, wata Asabar da yamma, ina tsugune gaban murhu ina tuƙa tuwon dawa, sai na ji kacau-kacau ɗin dodo a bayan dangar gidanmu, can gefen Lafiya ta hanyar Kwandere. Da farko ban damu ba, don lokacin fitowarsu ne, an fara yankan dawa. Amma ƙarar ba ta wuce ba, ta nufo ƙofarmu. Inna ta fizge ni da muciyata a hannu muka faɗa ɗaki, don mace ba ta kallon dodo ido da ido. Sai da muka shiga na lura ƙanena Tanko ba ya ciki. Na manna ido a ɓular asabari, na hango shi tsakar gida, Baba ya riƙe masa hannuwa biyu ta baya. Dodon ya sunkuyo kansa da rigarsa ta igiyar rama da bujen ciyawa har ƙasa, yana gurnani, yana girgiza masa kacau-kacau a kunne. Tanko ya runtse ido yana fizge-fizge. Ni na san ba gudu yake so ya yi ba. Kunnuwansa yake so ya toshe, aka hana shi.

Tanko yana da kamar shekara bakwai a lokacin, ni na girme shi da huɗu, kuma a bayana ya girma. Tun yana ƙarami ba ya kallon fuskar mutum, ƙafa yake kallo. Ko baƙo ya yi sallama, ƙafarsa Tanko zai duba ya faɗi sunansa. Ba ya shiga langa da sauran yara maza, ba ya ɓuya. Aikinsa shi ne ya tara 'ya'yan tsamiya ya jera su a inuwar rumbu, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, kuma kaza ta kuskura ta watsa su, ranar ba wanda zai huta a gidan. Idan jirgin ƙasa ya yi kuka a tasha, duk nisanmu da ita, sai ya durƙusa ya toshe kunne yana karkarwa. Amma fa a waƙa ba na biyunsa. Sau ɗaya zai ji waƙar gaɗa a dandali ko ta coci ranar Lahadi, gobe ka ji shi yana rera ta daga farko har ƙarshe, har da tarin da mai ba da waƙar ta yi a tsakiya. Da waƙarsa muke zuwa rafi ɗiban ruwa, da ita muke korar tsuntsaye a gonar dawa, ni ina jan igiyar gwangwanaye a hankali don kada in firgita shi. Inna takan ce, "Yaron nan ba taurin kai gare shi ba, duniya ce ta yi masa ƙara da yawa."

An gwada kai shi makarantar mishan inda nake. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen titin jirgi ne rataye a reshen mangwaro, ana buga shi da guduma. Bugun farko Tanko ya shige ƙarƙashin benci ya ƙanƙame ƙafarsa, malam ya ja, ya ja, ya samu cizo a hannu. A ranar aka sallamo shi. Baba ya ji kunya ƙwarai, ga shi ɗansa namiji ke nan tilo bayan mu mata. Nan ne Baba Dogo ya samu ƙofa. Baba Dogo wan mahaifinmu ne, mutum mai ganin babu abin da bai sani ba a duniyar Allah, daga ciwon akuya har ranar da ruwa zai sauka. Tun fil azal ya tsani Tanko, wai yaro ba ya kallonsa in yana gaishe shi, raini ne. A wurinmu kuwa akwai al'ada: yaron da ya gagari iyaye akan gayyato masa dodo gida ya razana shi, ya shiga taitayinsa. Baba Dogo ya zauna wa Baba a kunne, kullum magana ɗaya: "Da tsoro ake cire tsoro." Baba yana zuwa coci, amma bai taɓa iya ce wa wansa a'a ba.

To, tsoro bai cire komai ba sai muryar yaro. Tun daga ranar Tanko ya yi shiru, shiru irin na tulu. Ba magana, ba waƙa. Ya koma fitsarin kwance, ya daina jera tsamiyarsa, in gari ya waye sai a same shi ƙarƙashin rumbu cikin kashin kaji. In na miƙa masa kunu can ƙarƙashin rumbun yake sha. Ni kuwa akwai abin da na gani ta ɓular nan da ban faɗa wa kowa ba. Zama da Tanko ya koya mini kallon ƙafa. Da dodon ya yi tsalle ciyawar ta ɗaga, na ga ƙafar hagu ba ƙaramin yatsa. Duk unguwarmu mutum ɗaya ne garma ta taɓa datse wa wannan yatsa. Mu da aka rene mu a kan cewa dodo daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ashe wannan daga ɗakin da ke kallon namu ya fito! Kullum ni nake kai wa Baba Dogo tuwo, in durƙusa in ce, "Baba, ga abinci," idona a kan wannan ƙafa, zuciyata tana tafasa kamar in kifa masa miyar a ka.

Da na haƙura da haka, Allah ya sani. Amma wata rana ina shara na ji shi yana gaya wa Baba wai aiki bai ƙare ba, dodo ne ya rufe bakin, shi zai dawo ya buɗe, Asabar mai zuwa. Inna ta yi kuka, ta yi roƙo, aka ce maganar maza ce. Haba! Wanda aka karya sau ɗaya za a sake takawa? Na ce a raina, in dai ni na goyi yaron nan, sai dai dodon ya bi ta kaina.

Akwai wata ciyawa mai yaɗo a bakin rafi da muke kira karara. 'Ya'yanta suna da gashi mai laushi, wanda in ya taɓa fata sai mutum ya gwammace wuta. Ko akuya ba ta raɓarta. Ranar Juma'a maza duka suna gayyar yankan dawa, na ce za ni itace. Na tsinko kararar da ganyen ayaba na cika ƙoƙo, na nufi kurmin da ake ajiye kayan dodo, inda aka ce macen da ta taka ba za ta haihu ba har abada. Duk da haka na shiga. Me zan gani? Wata 'yar bukka mai warin jemage, da riga a rataye jikin ƙyaure kamar wanki. Abin da ya cinye muryar ƙanena ke nan, igiya da ciyawa! Na juya cikinta waje na goga karara, hammata, wuya, gadon baya, da wurin da ba a faɗa, na ƙara na kuma ƙarawa har ƙoƙon ya ƙare. Na fito hannuwana suna ci kamar na tsoma su a barkono, ina tafe ina murmushi.

Asabar ta zo, yamma ta yi. Baba ya sake riƙe Tanko, mu aka sake kora mu ɗaki, ni idona a ɓula. Dodo ya shigo da gurnaninsa, amma tafiyar ta canza, sai wani mutsu-mutsu yake yi. Zufa ta riga ta jiƙa kararar. Ya yi tsalle ɗaya, ya tsaya. Ya goga baya a jikin rumbu. Ya faɗi ya yi birgima a toka. Can gurnanin ya koma muryar mutum sak, "Wayyo! Wayyo, ruwa!" Sai ga dodo yana yaga rigarsa da hannunsa a tsakar gida, gaban kaji da awaki, ga Baba Dogo tsirara sai bante, jiki duk ya yi rudu-rudu, yana susa har da haƙori. Baba ya saki Tanko don mamaki. Yaron bai gudu ba. Ya toshe kunnuwansa, ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon ƙafar nan. Sannan ya ce, a hankali, da muryar da muka fid da rai da ita, "Baba Dogo ne." Inna ta zube a ƙasa tana kuka. Ni dariya nake, ina cizon zanena kada a ji.

An ci gidanmu tarar akuya da tukunyar burkutu, dattawa suka yi ta neman wanda ya shiga kurmi. Hannuwana sun kumbura suntum, wanda duk ya gani ya gama bincike. Inna ta gani. Ba ta tambaye ni komai ba, ta shafa mini manja, ta naɗe su da tsumma, ta fita ta gaya wa duniya wai talge ne ya zubo mini. Da ta gama ɗaurin ta ce, "Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya." Dodo bai sake taka ƙofarmu ba, Baba Dogo kuma bai sake sa riga ba, don 'yan'uwansa masu dodo sun ce ya tona asiri. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa yafe masa ba. Ranar da ya mutu na je, na zauna, na ƙi cin tuwon makoki. Maganar haihuwa kuwa, yau jikokina ba sa shiga keke napep biyu.

Tanko ya girma, ya yi kiwon awaki, ya san kowacce da tafiyarta. Magana ta dawo masa kaɗan-kaɗan, daidai ta buƙata. Waƙa ce ba ta dawo ba. Har ya yi furfura, har muka binne shi, ban sake jin ya rera ko baiti ɗaya ba. In ana waƙa a coci nakan ga leɓɓansa suna motsi, sai ya kalli ƙofa ya yi shiru.

Yanzu ina zaune a Azuba wurin jikata Rahila, wadda ke aikin jinya. Ɗanta na biyu ba ya kallon ido, kuma in an tayar da janareta sai ya toshe kunne. Da na gani sai na tuna Tanko. Amma ita littafi ta sayo, irin waɗanda aka rubuta don iyayen yara masu irin wannan hali, takan karanta tana juya mini da Hausa. Wai kada a tilasta wa yaro kallon ido. Wai a rage masa ƙara, a gaya masa abin da zai faru kafin ya faru, kada a taɓa riƙe masa hannu in yana kare kunnensa. Na ce, "Rahila, tsaya. Mai littafin nan ya san Tanko ne?" Ta ce, "Kaka, irinsu suna da yawa, kuma ba laifin kowa ba ne." Baba ba mugu ba ne. Ba shi da littafi, sai wansa Baba Dogo. Abin da Inna ta faɗa a gindin murhu ba wanda ya saurara, shi ne yau a rubuce cikin bango mai kyau.

Jiya da hantsi yaron yana jera marafan kwalba a bakin ƙofa, uwarsa ta tsallake su a hankali ba ta taɓa ko ɗaya ba, sai na ji yana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa. Na ajiye tsintsiya na saurara har ya kai ƙarshe. Da na san waƙar Tanko ba za ta dawo ba, da na cika ƙoƙo biyu da karara.