Kaka Dije da Karen Rumbu

Shekarar da Najeriya ta ci ƙwallon Olamfik a Atlanta, a shekarar ce kaset ya iso mini daga gida. Ban fara ajin yaƙi da jahilci ba tukuna, don haka da murya ake aiko mini saƙo. Na kunna a ɗakinmu na High Point Road da ke Greensboro a Amurka, sai na ji yayana Sale: "Idi, Kaka Dije ta kwanta. Sunanka take kira. Ka taho."

Takarduna ba su cika ba. In na fita Amurka, ba dawowa. Matata Hadiza kuma ga tsohon ciki.

Kaka Dije ce ta rene mu. Bayan tuwo takan hura wutar kara a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Ga ta nan, mai gyangyaɗi ya ba mu wuri." Akwai tatsuniyar wani kare da maigidansa ya bar wa gadin rumbu. Yana kwance sai ya jiyo ɗan maƙwabta ya faɗa rijiya. Ya ruga ya tara mutane da haushi, aka ciro yaron da rai. Kafin ya dawo, ɓarayi sun kwashe geron shekara.

A nan Kaka take tsayawa. Sai ta raba mu biyu, masu cewa a kori kare da masu cewa a ba shi nama. Mu yi ta musu, Sale har jijiyar wuya. Da ta ga mun ɗau zafi sai ta buga ludayi a ƙwarya: "A juya!"

"Haba Kaka, ni fa na tsani karen nan!" in ji Sale.

"Shi ya sa, sarkin gardama. Yanzu kai ne uwar yaron. Yi magana mu ji."

Ba ta taɓa faɗa mana wanda ya yi gaskiya ba.

A makon kaset ɗin, cikin bas nake yin wasan ni kaɗai. Da safe in zama Sale, in zagi kaina sosai. Da yamma in zama Hadiza, wadda ba ta da kowa a Greensboro sai ni. A ƙarshe ban tafi ba, na zauna. Kaka ta rasu kafin Hadiza ta haihu, Sale kuma ya daina karɓar wayata.

A masallaci ana ce mini Sale ya cika zafin zuciya. Na kasa yarda. Na riga na tsaya a matsayinsa a wasan, na san shi ne yake juya ta a kan tabarma, yana jin tana kiran wani. Wasan Kaka bai sauƙaƙa mini zaɓi ba. Ya dai hana ni tsanar ɗan'uwana, ya hana ni tsanar kaina.

'Yata tana nan, ta girma. Abin da na rasa uku ne: Kaka, jana'izarta, da yayana, wanda yake raye.