Manzo Mai Gyaran Keke da Farar Ƙwaya

Manzo mutumin Afala ne, tsohon soja. Da ya dawo daga Faransa a shekarar 1961 sai ya zauna Tawa, ya kafa rumfar zana kusa da kasuwa, ya rataye tsofaffin tayoyi, ya shiga gyaran keke. Kowa ya san ya yi soja. Abin da bai cika faɗi ba shi ne, bayan an sallame shi ya yi shekara shida yana yi wa wata ƙungiyar 'yan tseren keke aiki a can. Shi ke wanke kekuna, shi ke matsa wa 'yan tsere ƙafafu, shi ke cika musu gorunan sha.

Masu keke ba su da yawa a Tawa lokacin. Cikinsu akwai Illa, ɗan aiken likitan dabbobi, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ke kai takardu da magani Barmu da Afala a kan wani baƙin keke mai nauyin tsiya. Wata rana da hantsi ya kawo keken a ɗaure masa sarƙa.

"Daga ina?" in ji Manzo.

"Daga Barmu, Baba."

"Can ka kwana?"

"Can na yi asuba."

Manzo ya dubi rana, ya dubi ƙafafun Illa, ya ga ko haki mutumin ba ya yi. Sai ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya ce masa ya zauna.

Daga ranar suka soma horon tseren keke. Manzo ya cire wa keken duk wani ƙarfen da ba dole ba, ya sauke masa hannu ƙasa, ya ɗaga sirdi. Ya hana Illa danna feda da ƙarfi kamar mai daka, ya ce ya riƙa juya ƙafa da sauƙi. Ya koya masa shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama shi, da cin dabino a kan keke, da yadda ake ratsa rairayi ba tare da an sauka ba. Safi, matar Manzo, ita ke dama masa fura mai kauri kullum ya dawo. Ran Juma'a kuwa hutu ne, ko taɓa keken ba ya yi. Hanyar arewa duwatsu ne da ƙaya, wata rana faci uku Illa ke yi kafin ya iso gida, amma wata shida ba su cika ba sai da hawan da a da ke sa shi tura keke ya zame masa wasa.

A 1965 aka yi shela cewa za a yi babban tsere a Yamai lokacin bikin Jamhuriya, kowane yanki ya turo mutanensa. Aka sa sunan Illa.

Saura mako uku, ya tafi Barmu gwaji, sai ga shi ya dawo tun Manzo bai gama shirya rumfa ba. Yana ta surutu ba tsayawa, idanu waje, muƙamuƙi na motsi kamar mai tauna. Safi ta miƙa masa fura ya ce ba ya jin yunwa. Manzo ya ɗaga gorar ruwansa, ya ji ta cike kamar yadda aka ba shi.

"Illa, mi ka sha?"

Illa ya fiddo wata 'yar takarda daga aljihu. Fararen ƙwayoyi ne ƙanana.

"Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya ba ni, Baba. Ya ce Turawa masu tsere ma ita suke sha."

"Gaskiya ya faɗa maka," in ji Manzo. "Ni ke ba su."

Ya zauna bisa turmin da yake ɗora kekuna, ya ba shi labari. A ƙungiyarsu ta Faransa akwai wani saurayi ɗan manoma, wanda shi kaɗai ke zama ya ci abinci tare da Manzo. Kullum da safe mai ƙungiya zai ƙirga ƙwayoyi, Manzo ya niƙa ya zuba musu a kofi. Wata rana ana tsananin zafi, ga dutse a gaba, mai ƙungiya ya ce a ƙara wa saurayin. Manzo ya ƙara. Saurayin ya wuce kowa a hawan, can kuma sai ya soma tangaɗi, ya faɗa rami, baki na kumfa. Bai mutu ba, amma zuciyarsa ta lalace. Da Manzo ya je duba shi bayan wata biyu, ko tsakar gidan uwarsa ba ya iya ƙetarewa sai ya huta.

"Abin ga ba ya ƙara maka ƙarfi," in ji Manzo. "Hana ka jin gajiya yake. Jikinka na kuka, kai ba ka ji."

"To in waɗansu sunka sha fa?"

"Suna iya wuce ka. Ba ni yi maka ƙarya."

Illa ya tashi ya tafi. Kwana biyu bai fito ba, jikinsa ya mutu, ko aiki bai je ba. A rana ta uku ya zo da sassafe, ya ɗora takardar a hannun Manzo, ya ce, "Baba, duba mini tayar baya." Manzo ya jefa ƙwayoyin cikin garwashi, ya juya keken.

Kwana biyu suka yi a bayan mota kafin su kai Yamai. Ranar tsere, mutum arba'in da ɗoriya suka tashi, waɗansu da kekunan tsere na gaske, sirara masu walƙiya. Da farko aka bar Illa baya sosai, har Manzo ya kasa kallo. Amma Illa bai sake tafiyarsa ba. Da rana ta take sai ya soma cim musu ɗaya ɗaya, waɗansu a tsaye bakin hanya suna riƙe da ciki. Ya shigo na shida. Ya sauka da ƙafafunsa, ya jingina keken, ya tambayi inda ake sayar da tuwo. Manzo ya yi dariya har hawaye suka zubo masa.

Ko akwai wanda ya sha wani abu cikin biyar ɗin farko, ba su sani ba, ba su kuma tambaya ba.

Labari ya riga su isa Tawa. Cikin makon nan wani malamin lakwal, wato makarantar boko, mai suna Sha'ibu ya turo kekensa rumfa, ya ce shi ma yana son a koya masa. Bayansa ma'aikacin asibiti ya zo, sai teloli biyu. Manzo ya tara su ya ba su labarin saurayin nan, bai rage komai ba, har nasa laifin. Kafin shekara biyu sun kai mutum tara. Duk safiyar Alhamis ana ganinsu a jere sun nufi arewa, Illa a gaba, mata masu zuwa rijiya na kauce musu suna guɗa. Manzo, da furfurarsa, shi ke can ƙarshe a kan wani tsohon keke, yana ihu su jira shi a kan tudu.