Tekun da Namadi Ya Bar wa Jidda

Duk wanda ya san unguwar bayan tasha a Gwandu ya san gidan da ake ce wa gidan teku. Kada ka yi dariya. Teku ne na gaske aka kafa a gidan, da gishirinsa da halittunsa, sai dai a cikin akwatin gilashi, tsawonsa bai wuce kamu uku ba. Mai gidan yanzu ita ce Hajiya Jidda, doguwar mace mara yawan magana, wadda har yau in ta gaji da zance sai ta ce "halas", wato shi ke nan, ta miƙe.

Sunanta na yanka Hauwa'u. Iyayenta mutanen Kambaza ne, sun tafi aikin hajji ta ƙasa tun zamanin da ake shekaru a hanya, suka yi zamansu a birnin Jidda. Can aka haife ta, can suka rasu suka bar ta. Uwarta soyayyar gyaɗa take sayarwa a bakin ruwa, ita kuma tana gefe tana wasa da kumfar teku, ta koma gida leɓenta duk gishiri. Ba ta da takardar can, ba ta da ta nan, kuma ba ta taɓa damuwa ba.

Can ta haɗu da Namadi, ɗan Gwandu, wanda ya je umra ya maƙale. Aikinsa bin gidajen attajirai yana kula musu da akwatunan gilashin da suke kiwon halittun teku a ciki. Suka yi aure. Sau biyu tana samun ciki yana zubewa, daga nan shiru. Namadi bai taɓa ɗaga mata zancen ba, ko da wasa. Suna nan lafiya lau sai kamen marasa takarda ya rutsa da su, aka zuba su a jirgi, aka ce an mayar da su gida. Shekarunta arba'in da uku a lokacin, ba ta taɓa taka ƙasar nan ba.

Gida, in ji su! Ba ta san kowa ba. Mata su shigo gaisuwa, ta buɗe baki, su kwashe da dariyar Hausarta mai gauraye da Larabci. Ta daina cin abincin kirki, ta rame ta yi baƙi. Namadi ya ɗauke ta ya kai ta Kalgo wurin yayarsa Tasalla ko za ta sake, har ya kai ta bakin gulbi ya ce ga ruwa. Ta durƙusa ta ɗiba a tafin hannu, ta kai baki, ta zubar.

"Ba gishiri," ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan har suka dawo.

To, Namadi ba mutum ne mai daɗin baki ba, hannunsa ne ke magana. Ya riga ya buɗe shagon yankan gilashin taga a bakin kasuwa. Shekara biyu yana tattali, ya harhaɗa akwati da kansa, ya ɗora sola a kan rufi don injin da ke juya ruwa da fitila da fanka, ya sa wani direban babbar mota ya kawo masa buhun gishirin teku daga Legas. Sannan ya tafi Legas ɗin da kansa, ya dawo rungume da kular abinci a cinya, kwana biyu a mota bai yarda ya ajiye ta ƙasa ba. A ciki akwai kifi biyu, da jatan lande biyu masu jan baya, da 'yan dodon koɗi, da wani ɗan reshe wanda bai kai ɗan yatsa ba. Shi ne murjani. Ba irin wanda mata ke ratayawa a wuya ba, wancan gawa ce. Wannan mai rai ne, ƙashinsa dutse, a jikinsa akwai 'yan bakuna koraye shar da ke buɗewa in ya ji daɗi, su tsuke in ya ji wuya.

Mutanen gari suka samu abin yi. Tasalla ce kan gaba: "Kowa da kiwon da ya karɓe shi! Mutane na kiwon tumaki, ƙanena shina kiwon dutse. Ranar layya sai ka yanka muna shi mu gani." Namadi ya yi murmushi kawai. Ranar da ruwan ya kwanta ya yi garau, ya jawo kujera 'yar tsugunno ya ajiye a gaban gilashin, ya kira matarsa. Ta sunkuya ta shaƙi warin ruwan, sai hawaye shar. A ranar ta cinye tuwonta tas.

Dokokinsa uku ne: ba turaren wuta a ɗakin, ba maganin sauro, ba tsoma hannu, don sabulu ko man shafawa kaɗan ya isa ya yi kisa. In ta ce ya koya mata sai ya ce, "Hajiya, kin sha wahala ta isa. Ke dai ki kalla." Ya ja layi da jan fenti a jikin gilashin. Kullum da hantsi kafin ya tafi shago, sai ya ɗauko jarka mai ruwan ciko ya tsiyaya a hankali har ruwa ya taɓa layin. Duk Juma'a biyu kuma ya dama gishiri a shuɗiyar roba, ya zuƙe tsohon ruwa kaɗan da tiyo, ya mayar da sabo. Ita tana kan kujerarta da kofin shayi. Shekara tara ana haka, ɗan reshen nan ya yi rassa ya kai girman ƙwaryar fura.

Ranar wata Talata a tsakiyar bazara ya tsiyaya ruwansa, ya leƙa ya ce, "Yau ya buɗe da kyau." Ya tafi shago. Kafin azahar ya yanke jiki ya faɗi a kan teburin yanka, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ba wasiyya, ba sallama.

Jidda ta shiga takaba. Tasalla ta kwaso kayanta daga Kalgo ta tare a gidan, ita ce tuwo, ita ce karɓar gaisuwa, ita ce tsakanin mai takaba da duk wani namiji da ya zo zaure. Ranar sadakar uku Alhaji Ashiru ya zo, aminin Namadi, mai gidan ruwan leda a Kalgo. Daga injin tacewarsa Namadi ke samun ruwan jarkar nan. Ya sauke jarka huɗu a zaure ya ce wa Tasalla, "Ruwan Namadi ne, a shiga da shi." Tasalla ta ga gida cike da masu gaisuwa, rana na dukan mutane, ta sa masa albarka ta juye a randa. Duk mako yana aikowa, duk mako randa ke sha. Ba wanda ya yi laifi, kowa alheri ya nufa.

Sai a kwana na huɗu Jidda ta iya ɗaga ido ta dubi gilashin. Ruwa ya sauka ƙasa da layi da yatsa uku. Ba ɗa, ba jika, ba dangin uwa ko na uba da ta sani, abin da Namadi ya bari mai numfashi a duniya ke nan. Ta rantse a ranta ba zai mutu a hannunta ba. Ta girgiza jarkar, wayam. Ta tsaya ta yi tunani irin na kowa: teku ai ruwan gishiri ne. Ta ɗebo ruwa a randa, ta kwance bakin buhun, ta dama a shuɗiyar roba, tana ɗanɗanawa tana ƙarawa har ya yi daidai da abin da harshenta ya sani tun tana yarinya. Ta tsiyaya a hankali yadda yake yi, har layi.

Wayyo, rashin sani ya fi dare duhu. Abin da zafi da fanka ke kwashewa daga akwatin ruwa ne zalla, gishirin yana nan bai je ko'ina ba. Shi ya sa na jarkar Namadi ba ko ƙwayar gishiri a ciki. Na Juma'a ne kaɗai ake damawa, shi ma sai an cire kwatankwacinsa. Ruwan da ya dace ne ta ɗebo a randa, ta ɓata shi da hannunta, kuma kullum ta Allah sai ta ƙara.

Ba ta taɓa fashi ba. Ba ta taɓa ɗanɗana na cikin akwatin ba, don an ce kada a tsoma hannu. Mako biyu, dodon koɗi suka fara sakin gilashi suna faɗowa. Ta ce zafi ne. Ta cire fankar ɗakinta ta haɗa da ta akwatin, ta jiƙa buhuna ta rataya a taga, ita kuwa tana zaune zufa na bin bayanta. Fanka biyu suka ƙara kwashe ruwa, ita kuma ta koma ƙari sau biyu a rana.

"Ke Jidda, mi kike so ki mai da kanki?" in ji Tasalla. "Ƙuraje sun cika miki wuya. Wanga abu dutse ne, ke mutum ce."

"Yaya, bar ni. Amana ce."

Jatan lande suka bi. Kifin nan biyu suka yi kwana uku suna haki a sama, su ma suka tafi. Murjanin ya tsuke bakunansa ya ƙi buɗewa, fari ya fara cinsa daga gindi yana hawa reshe reshe. Ta zauna a gabansa tana roƙonsa da Larabci da Hausa, tana jin kamar mutuwar Namadi ce ake sake yi mata a hankali. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta san me ta rage ba. Layi dai kullum a cike yake.

Ranar sadakar arba'in, bayan an watse, Alhaji Ashiru ya nemi iso. Ya tsaya a bayan labule, Tasalla na bakin ƙofa.

"Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Ya kuma tekun mutumina?"

"Alhaji, ya tafi. Saura reshe ɗaya, shi ma jiya ya yi fari. Zafin bana ne."

"Subhanallahi. Ruwan da nike aikowa bai isa ba?"

Tasalla ta ce, "Wane ruwa? Ba na sha ba ne? Ai randa munka zuba."

Sai Ashiru ya ce, murya ƙasa ƙasa, "To da mi ake cika layin?"

"Ni ke damawa," in ji Jidda. "Da gishirinsa na buhu. Ban taɓa sa na miya ba, wallahi."

"Kullum?"

"Kullum. Har sau biyu."

Tasalla ce ta fara ganewa, mace mai shekara hamsin a gindin murhu. Ta dafe ƙirji, maganar ta kuɓuce mata tun kafin ta kama ta: "Innalillahi! Jidda, miya in ta tsotse bisa wuta, ai ruwa ake ƙara mata, ba gishiri ba."

Jidda ta miƙe. Karo na farko cikin shekara tara ta tsoma yatsa a cikin akwatin, ta kai baki. Ɗaci ya gauraye mata harshe, ɗacin da ba ta taɓa ji a wani teku ba. Ta koma ta zauna kan kujerar.

Daga bayan labule Ashiru yana ta kame-kame. "Hajiya, zafin ma ya isa ya kashe shi. Ko Namadi na nan, bana sai an yi da gaske. Laifina ne da ban yi bayani ba." Tasalla na kuka tana cewa nata ne, ita da ta juye a randa ba ta tambaya ba.

"Halas," in ji Jidda. "Kada ku raba abin da ba naku ba. Ni na yi."

Yau shekara biyu ke nan. Akwatin na nan a bushe, farin murjanin a tsakiya, jan layin bai goge ba. An yi an yi ta bari a fitar da shi, ta ƙi. Ashiru ya ce zai aika Legas a kawo wani, ta ce a'a, wannan ba a sayo shi da girmansa ba. Tasalla ba ta koma Kalgo ba, su biyu suke zaune, suna faɗa suna shiryawa.

Sau ɗaya tak Tasalla ta yi tambayar da ke cinta. Da hantsi ne, ta tarar da Jidda kan kujerar nan da kofin shayi ya huce a hannu. Ta zauna kusa da ita, ta ce, "Don Allah ba faɗa ba ne. Shekara tara kina nan zaune, shina tsiyaya ruwan ga a gaban idonki. Ko sau ɗaya ba ki lura cewa ba ya dama gishiri a na safe ba?"

Jidda ta goge ido da bakin mayafi.

"Yaya, shi ma ya ɗauka teku nake kallo," ta ce. "Wata ukun farko ne na kalli teku. Sauran duk shi nake kallo."