Ranar da Aka Tara Ruwa Babu Doki

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciya, har sunayen wasu abokaina sun sulale mini, amma yammacin da muka yi langa da samarin Bungudu a rairayin gulbin Gusau ba zai taɓa fita daga raina ba. Lokacin jirgin ƙasa bai ma iso garin ba.

A langa kowa yakan kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare yana da mutum guda da ake kira ruwa, shi zai ratsa abokan karawa ya kai wurin sha, in kuwa aka kayar da shi an kashe shi ke nan. Mai shiga gabansa yana ture masa mutane shi ne doki. A garinmu 'Yankuzo ƙanena ne ruwa, ni ne dokinsa. Tun da mahaifinmu ya rasu nake riƙe da shi, a gona da wurin wasa. Shi siriri ne mai zafin nama, 'yan mata har waƙa suke yi masa. Ni kuwa ƙato ne, in an tashi wasa ko sannu ba mai ce mini, kuma ban taɓa damuwa ba.

Samarin Bungudu sun addabi kowa a shekarun nan, ba garin da ya taɓa cin su. Sai gardama ta tashi a kasuwa: in aka tsinto gwanin kowane gari aka haɗa su wuri ɗaya, Bungudu za ta sha? Sarakunan samarin Gusau da Tsafe suka ce a gwada bayan kaka. Aka bi ƙauyuka ana tambayar wanda ya fi suna, aka ɗauki ƙanena, aka bar ni.

Na yi masa murna, amma abin ya ci ni a rai. An riga an sa ranar aurena, magidanci kuwa ba ya langa a wurinmu. Kakar nan ce ta ƙarshe da zan shiga fili tare da yaron da na rena, ga shi za ta wuce ina ɗan kallo. Shi ma ɗin kansa ya ɗan kumbura, a hanya sai labarin gwanayen Tsafe yake ba ni, ni kuma ina biye da shi da goran ruwa da ƙunshin fura.

Da aka jeru a rairayi, kowa ya ga namu sai ya ce Bungudu ta shiga uku. Abin da masu zaɓe ba su lura da shi ba, duk wanda suka ɗauko ruwa ne a garinsu, domin ruwa ake sani, ba a sanin doki. Tun kafin a fara suka kaure da musun wanda zai zama ruwa, da ƙyar aka shirya a kan kowa ya yi nasa zagayen. Ana cewa a fara, sai kowannensu ya zabura ya nufi wurin sha yadda ya saba, aka bar ruwan shi kaɗai a tsakiyar fili. 'Yan Bungudu ko magana ba sa yi wa juna. Ɗaya ya yi gyaran murya, biyu su karkata, sai ka ga ruwanmu a ƙasa yana tofar da yashi. Haka aka yi ta kashe su ɗaya bayan ɗaya, 'yan kallo suna dariya.

Da zagayen ƙanena ya zo, na ga ya sunkuyar da kai kamar kullum. Ni na san abin da yake nema. Tun yana ƙarami diddigena yake kallo, inda na dira nan yake dira. Ya duba bai ga komai ba sai yashi, ya ɗaga kai a rikice, kafin ya yi wani abu sun kwashe shi. Zuciyata ta yi zafi har na kawar da ido.

Ya tashi ya kaɗe jikinsa, ya tafi gaban sarkin samarin Tsafe ya durƙusa.

"Baba, ni ban taɓa sha ba sai bayan Yaya. In ba a sa shi ba, ni ma na hita."

Dattijon ya dube ni sama da ƙasa. "Wanga ƙato? Ai ko tsallen kirki bai iya ba."

"Ba tsallenai nika so ba, Baba. Bayanai nika bi."

Wani ɗan Gusau da ya gurɗe ƙafa ya ce in shiga madadinsa, aka kuma yarda ƙanena ya sake zama ruwa. Na tuɓe riga na kama ƙafata. Na shiga gaban ƙanena, na ji numfashinsa a ƙeyata. Na ture ɗan Bungudu na farko da kafaɗa, na biyu ya goce, na karkata hagu domin na san can ƙanena yake son bi. Dab da wurin sha mutum biyu suka taso tare, sai na faɗa musu gaba ɗaya muka zube. Fuskata tana cikin yashi, ban ga shansa ba, ihun mutane kawai na ji.

Kada a ce mun ci Bungudu, ba mu ci su ba. Shan nan guda shi ne rabonmu, sauran duk nasu ne. Amma da aka tashi, dokin Bungudu ya ratso taro ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, shi kaɗai ya san aikin da na yi. Ƙanena kuwa ya zauna kusa da ni yana cire mini yashi daga gashi, yana kuka yana dariya, yana cewa shekara da shekaru yana zaton ƙafarsa ce take kai shi.

Ya riga ni gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Har yau in na ji ana gardamar ko tsintattun gwanaye za su iya da mutanen da suka tashi tare, nakan ce da wuya. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, gwani ba ya tafiya da gwanintarsa duka. Rabinta yana wurin wanda ya saba shiga gabansa, mutumin da ba a kiran sunansa.