Ranar da Kayan Soja Suka Ɓoye Mini Ɗa

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da wata ranar damina a gonarmu ta Gidan Sori ba.

Maigidana ne ya dawo daga kasuwar Cadakori da riga da wando na yara, masu rodi-rodin kore da ruwan ƙasa, irin na kanti da ake kwaikwayon kayan soja. Autana, ɗan shekara uku, ya ƙi yarda a cire masa su. Sai taka ƙasa yake a tsakar gida yana sara wa kaji, mu kuwa dariya har da hawaye. Ni daɗi ya cika ni, duk wanda ya shigo sai na nuna masa sojana. Surukata, uwar maigidan, ce kaɗai ta taɓe baki ta ce, "Wanga jabu ne, wanki guda za shi koɗe."

Rannan na kai fura gona tare da yaron, yana sanye da kayan. Gero ya fi mutum tsawo, wake ya rufe ƙasa. Ina cikin damu na waiga, babu yaro. Ga tabki a ƙarshen gonar, cike maƙil.

Ban san sanda na yar da ludayi na kwarma ihu ba! Manoman kusa suka watsar da hauya suka rugo. Uban ya faɗa tabkin da kayansa yana lalube. Wani Bafulatani ya bar shanunsa ya shigo nema. Muka bi kunya-kunya muna kira har muryata ta dishe.

Sai ga surukata da sandarta, tana tafe tana duban ƙasa. Can ta ce, "Ku taho, ga tahin ƙahwa nan!" Tafin ƙafa biyu ne cikin ganyen wake, dab da inda na ajiye ƙwarya. Ashe yaron ne kwance, yana sharar barcinsa. Kayan sun saje da ganye da inuwa, na yi ta wucewa ta gabansa ina kuka ban gan shi ba.

Na sure shi ina guɗa, hawaye na zuba. Uban ya fito jiƙe sharkaf, ya dubi tsohuwa ya ce, "Inna, ba ke kinka ce jabu ne ba?"

Ta ce, "Jabu ne mana! Da na gaske ne, ai har ƙahwar sai ya ɓoye."

Ranar na gane cewa abin da aka yi don ɓoye mutum, ko kwaikwayo ne, ba na ɗan da kike son gani ba ne. Har yau jikan da zai bi ni gona, ja jawur nake sa masa.