Takandar Malam Hamisu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan aka bugo mini waya daga Ƙarfi: Malam Hamisu ya rasu. Na ce wane Hamisu? Aka ce Mai Takanda. Ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa na ciwo, shi ke nan.



Ga wanda bai san shi ba, tsohon malamin gona ne. Da ya yi ritaya sai ya dage wai takandar da muke sha a bakin hanya ita za ta zama man mota. A matse ruwan, a tace, a samu itanol. Kowace shekara yana zaɓen karan da ya fi kauri da zaƙi ya ajiye irinsa.

Ni ne shugaban masu yi masa dariya. Nakan ce ban taɓa ganin mai rijiyar mai da ake tura wa babur ba sai shi.

Bai taɓa fushi ba. Da haƙoran mahaifiyata suka zube, shi ke matse mata ruwan takanda ya kawo Funtua a gora, don ta taɓa cewa tana kewarta.

Ranar kasuwar Bakori da ta wuce na biya ta gonarsa. Na tarar ya yayyanka tsofaffin gidajen sauro, har da wanda ya roƙa a gidana, ya lulluɓe wasu zangarniyu don kada tsuntsu ya ci, kada kuma su gauraya da dawar maƙwabta. Na ce to, yanzu kuma dawa ke tsoron maleriya?

Ya karya kara ya miƙo mini. "Sha ka yi shiru, Malam Bature. Na bana ya kai inda nake so."

Wallahi ban taɓa shan mai zaƙinsa ba. Ban faɗa masa ba, don kada ya ji daɗi.

Bayan jana'iza ƙanensa, Alhaji Ila, ya ce da an yi sadakar bakwai zai sa a girbe gonar a sussuke gaba ɗaya, marayu su samu na tuwo. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma in masu lulluɓin nan suka shiga buhu ɗaya da saura, wahalar shekaru ta tafi injin niƙa.

Na yi masa bayani. Ya dube ni ya ce, "Kai da ke masa dariya?"

Na ce ni ɗin.

Ya amince. Ranar Asabar zan je in yanke su in ɗaure daban. Ban iya riƙe wuƙar yankan dawa ba, saboda haka manoman Ƙarfi da Malumfashi da suka taɓa karɓar iri a hannunsa, ku taimaka ku zo.

Allah Ya jiƙan Malam Hamisu, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.