Ƙarfen Giya a Hannun Hagu

Kekena ya girmi 'ya'yana duka. Yayana ne ya bar mini shi lokacin da na fara koyarwa a Dogon Dutsi, kuma bayan na ajiye aiki, da shi nake zuwa gona ta hanyar Matankari. Abin canza giyarsa na asali ya daɗe da karyewa, aka sa mini na zamani, irin wanda ake murɗawa da tafin hannu.

Wata safiya da damina, ina hawan tudu, na je murɗa shi, hannuna na dama ya ƙi. Ina kallon yatsuna a kan roba, ina umartarsu, amma uku daga ciki kamar ba nawa ba. Na sauka na zauna gindin wani gawo. Gumi ya jiƙa mini riga, ga shi ko rana ba ta ɗaga ba.

Haka ciwon mahaifina ya fara. Cokali ne ya soma faɗuwa daga hannunsa, kafin wata ya ƙare ɓarin jikinsa ya shanye. Ni nake juya shi a kan tabarma har Allah ya ɗauki ransa.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina robar ce ta ƙage. Ranar kasuwa na tura keken wurin wani dattijo mai gyara da na daɗe da sani, na ce a canza mini da irin na da, wanda ake turawa da babban yatsa.

Ya zazzage wani gwangwani a kan buhu. Tsofaffin ƙarafa ne da ya ciro daga matattun kekuna, wasu sun yi tsatsa. Ya ware guda biyu. Ɗaya baƙi ne, yana ƙas-ƙas idan an tura shi, kowace giya da wurin tsayawarta. Ɗayan farin ƙarfe ne da ya sha hannu har ya yi santsi, ba ya ƙara, sai ka tura a hankali har kunnenka ya ji sarƙa ta zauna.

"Gwada, Mushe," in ji shi. Haka ake kiran malamin lakkol, wato makarantar boko, a wurinmu.

Ya ɗaura baƙin a kan keken. Na ɗora yatsa na tura, ya zame. Na sake, ya sake zamewa. Na ce ya yi tauri. Dattijon ya tura shi da ɗan yatsansa ƙarami, ya tafi ba gardama. Sai ya miƙo mini hannunsa.

"Kama nan, ka matse."

Na matse iya ƙarfina. Ya dube ni, ya ce, "Ka fara?"

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Hayaniyar kasuwa ta yi nisa. Ya jawo mini benci.

"Tun yaushe?"

"Kwana tara."

"Wa ka gaya ma?"

Na girgiza kai. Ya ɗauki farin ƙarfen yana goge shi da tsumma. Ya ce shi wannan ba ruwansa da dama ko hagu, duk inda aka ɗaura shi yana aiki, kuma ana iya sassauta kusarsa ya yi laushi. Zai sa mini shi a hagu. Na ce a'a, a dama nake so. Na san abin da nake gudu: in ya koma hagu, na yarda ke nan hannun ya tafi.

"A hagu zan sa," in ji shi. "Amma keken nan ba shi barin rumfata sai ka je asibiti ka dawo."

Da ƙafa na tafi, ina tsayawa a hanya. Likita ya auna ni, ya ce jinina ya hau sosai, abin da ya same ni gargaɗi ne. Ya rubuta magani, ya hana ni gishiri, ya yi mini faɗa a kan kwanakin da na ɓata.

Bayan kwana biyu na karɓi keken. Na sha wuya kafin yatsan hagu ya koyi inda sarƙa take zama. Hannun dama ya dawo a hankali, ban da ƙaramin yatsa, wanda har yau ba na jin sa sosai.

Da na zaunar da matata na gaya mata, ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta ga yadda nake karkatar da buta wajen alwala, da yadda lomar tuwo take wargajewa kafin ta kai bakina. Ita ma tsoro ya hana ta magana. Har ta je wurin gwaggonta a ɓoye, ta tambaya ko iska ce ta taɓa ni a hanyar gona. Can ta tashi ta ɗebo ruwa, ta tsaya a kaina sai da na haɗiye ƙwayar maganin.